Facin Tayar Mota: Yadda Za A Yi Shi Da Arha, Ya Kuma Yi Ƙarko

Yau zancenmu a kan tayar mota ne, watau abin da ya kamata mutum ya yi in tayarsa ta yi faci, don ya gyara ta da kuɗi kaɗan, kuma gyaran ya kai shi inda za shi lafiya.

Kada wani ya ce, ai ni ba ni da mota, ina ruwana. Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa daga Damagaram zuwa Tanut, ko Magariya, ko Gure, ya san da ruwansa. Ana cikin tafiya sai a ji fuuu, mota ta karkata, direba ya ce kowa ya sauka. In an yi sa'a, minti talatin an wuce. In ba a yi sa'a ba, a wuni a gindin aduwa da mata da yara, ruwan sha ya ƙare. In kuwa da gudu ake, tayar gaba ce ta fashe, to, sai dai Allah ya kiyaye. Mai amalanken shanu ma tayar mota ce a ƙarƙashin amalankensa, ɗan kabu-kabu kuma abin da za mu faɗa kusan duk ya shafe shi.

Ƙasarmu ba ta da sauƙi ga taya. A cikin watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Ka bar kwalta, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa, ga kututturen da aka sare rairayi ya rufe shi, ga duwatsu. Cikin gari kuma, wajen kasuwar Dole da bakin tasha, ƙusa ce da guntun waya. Turawan farko da suka ratso da motoci sun san da wannan. A ƙarshen shekarar 1924, lokacin Damagaram ce babban birnin Nijar, motocin kamfanin Citroën guda 8 sun biyo ta nan, daga Aljeriya za su tafkin Cadi. Ƙafafunsu na baya ba tayoyin iska ba ne, wani ɗamarar roba ce mai zagayawa kamar ta tankar yaƙi, saboda rairayi. Mu yau da tayar iska muke bin waɗannan hanyoyi, don haka tilas mu san halinta.

Tayar iska kuwa da faci aka haife ta. A 1888 wani likitan dabbobi mai suna Dunlop ya yi wa keken ɗansa tayar iska a birnin Belfast. Ba da jimawa ba wani mai keke ya kai tasa da ta huje masana'antar 'yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin, a Clermont-Ferrand ta Faransa. A lokacin manne taya ake yi a jikin ƙarfe da danƙo, sai da aka ɓata awoyi wajen gyara, aka kuma bar ta ta kwana tana bushewa. Wannan wahala ce ta sa suka ƙago tayar da ake cirewa a mayar, a 1891. Kun ji asalin sana'ar mai faci.

To, yanzu sai mu zo kan hanya. Abu na fari, wanda ya fi kome rage asara, shi ne tsayawa da wuri. Da zarar ka ji sitiyari ya yi nauyi, ko mota tana ja gefe guda, ko ka ji baf-baf daga baya, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka bar mota ta rage gudu da kanta, sa'an nan ka taka birki sannu-sannu ka sauka gefe. Kada ka danna birki da ƙarfi. Direbobi da yawa sukan ce, bari mu lallaɓa zuwa ƙauyen can, ai ga shi ana hange. Wannan lallaɓawa ita ke kashe taya. In babu iska, ƙarfen taya, watau rim, yana hawa kan gefen robar yana niƙa ta. Ramin ƙusa ɗaya da za a toshe da ɗan canji, sai ya zama sayen sabuwar taya. In mai faci ya buɗe ka ga baƙin gari kamar na gawayi ya taru a ciki, to, tayar ta niƙu, ba ta da sauran amana ko da daga waje ta yi kyau.

Wajen canji, ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka datse ƙafar da ke can ɗaya kusurwar da dutse. Fasinja su sauka su yi nesa da kwalta. Ka ajiye alama a baya, da nisa. In rassan itace ka sa, kamar yadda aka saba, ka kwashe su kafin ka tafi. Ka sassauta notoci tun taya tana ƙasa, sa'an nan ka ɗaga. A rairayi jak yana nutsewa, don haka ka riƙa yawo da guntun katako mai kauri na ɗora shi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, ko da yaron mota ne mai ƙarfin hali. In za ka ɗaure, ka ɗaure wannan noti, ka tsallaka na gabansa can ƙetare, haka har su ƙare, ka ƙarasa matse su bayan an sauke mota. Bayan tafiyar kamar kilomita 50, ka sāke taɓa su.

Yanzu ga ka a rumfar mai faci. A nan sai ka san irin tayarka, gama iri biyu ne. Akwai mai tif a ciki, wanda wasu ke ce wa shambur, kamar ta keke da yawancin manyan motoci na da. Akwai kuma marar tif, da ake kira tubles, wadda kamfanin Goodrich na Amurka ya fito da ita a 1947, ita ce kuma a ƙananan motoci kusan duka yanzu. Ita wannan, an shimfiɗa wata roba mai riƙe iska a jikinta daga ciki, bakinta kuma ya kama rim gam. Amfaninta, in ƙusa ta shige ta, iska a hankali take fita, ba ta sacewa gaba ɗaya. Shi ya sa in ka ga ƙusa a jikin tubles kana cikin daji, kada ka zare ta. Bar ta nan, ita ce murfin ramin, sai ka isa wurin gyara.

Kafin a ce faci, a tabbata facin ne. Sau da yawa iska ta bawul take fita. A ɗan shafa yawu a bakinsa, in ya yi kumfa, ɗan ƙarfen cikinsa ne ya saki, a matse shi ko a canja, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wani lokaci kuma bakin rim ne ya lanƙwashe a rami, ko ya yi tsatsa. Ruwan sabulu shi ke tona asiri: a ba taya iska, a zuba mata shi ko'ina, a ga inda ke kumfa, a sa alama da alli.

Facin tif kowa ya taɓa gani, amma ba kowa ya san inda ake kuskure ba. A fitar da tif, a hura shi, a tsoma cikin ruwa a nemo ramin. A share wurin ya bushe ƙayau. A kankare shi da samfefa ko ɗan dutse mai kaushi, faɗin kankarar ya ɗara facin kaɗan. A shafa sholisho siriri, sa'an nan a jira. Wannan jira shi ne sirrin aikin. Sholisho ba irin ƙaro ba ne da ke kamawa yana jiƙe. Sai ruwan cikinsa ya tashi, kamar minti biyar, ya daina ƙyalli, sa'an nan abin da ya rage ya haɗa roba da roba su zama jiki ɗaya. Mai gaggawa da ya ɗora faci a kan ɗanyen sholisho, facinsa zai saki da zarar taya ta ɗauki zafi. In an ɗora, a murje shi sosai daga tsakiya zuwa baki don kada iska ta maƙale. Kada kuma a taɓa wurin da aka kankare da yatsa, maiƙon hannu yana hana kamu.

Akwai kuma facin wuta, wanda ake ɗora ɗanyar roba, a danne da tsohon fistin, a kunna wuta a cikinsa. Zafi ne ke dafa robar ta kama. Dabarar dafa roba da farar wuta, Ba'amurke Charles Goodyear ne ya yi mata rajista a 1844. Facin wuta yana da ƙarko a hannun gwani. A hannun ɗan koyo kuwa, ko robar ta ƙi dahuwa ta saki, ko wuta ta yi yawa tif ya ƙone ya yi tauri a gefen facin, jibi ya tsage daga nan.

Ga abin da aka fi mantawa: a nemo abin da ya huda. Tif dai bai huda kansa ba. A bi cikin tayar da tsumma, a hankali, har tsumman ya sarƙe da ƙayar ko wayar. Ƙayar aduwa takan karye, kanta ya ɓace cikin roba, tsininta kaɗai ke leƙowa ciki. In ba a cire ta ba, kafin ka kai Miriya, kilomita 18 kacal, ka sāke zama. Wajen mayarwa a barbaɗa 'yar hoda, a ɗan hura tif ya ɗauki siffa don kada ya naɗe ko liba ta cije shi. Tif ɗin da ya tsage a gindin bawul, ko wanda faci ya hau kan faci, a haƙura da shi.

Tubles kuwa, a nan ne arha takan zama tsada. Hanyar da aka fi yi ita ce ta waje: a zare ƙusa, a soka wani tsinke a faɗaɗa ramin, a cusa wata 'yar igiya mai danƙo kamar lagwani, a yanke saura. Minti biyar an gama, ko taya ba a cire ba. Ba mu ce a jefar da wannan dabara ba. Direban da zai bi hanyar Agadas, kilomita fiye da 400, ya kyautu ya riƙe lagwanin nan da famfo a motarsa, gama zai fisshe shi daga daji. Amma masu yin taya da kansu sun ɗauke shi gyaran wucin gadi. Dalili kuwa biyu ne. Na ɗaya, wanda bai buɗe taya ba bai ga cikinta ba, bai san ko ƙusar ta yi kwance ta yagi wani wuri ba. Na biyu, a ƙarƙashin zanen tayar zamani akwai shimfiɗar wayoyin ƙarfe, irin ginin da Michelin ya yi wa rajista a 1946. In ramin bai toshu sarai ba, ruwan damina yana bi ya sami wayoyin, su yi tsatsa, roba ta rabu da su. Bayan wata biyu ko uku sai ka ga taya ta yi ƙulu, sitiyari yana rawa, wata rana kuma bawonta ya ɗaye ana cikin gudu.

Gyaran ƙwarai daga ciki ake yinsa. Ka ce wa mai faci, «Malam, a cire ta a duba ciki.» Kafin ya cire, ya sa alli a jikin taya daidai bawul, don a mayar da ita yadda take, kada ta zo tana girgiza. A duba cikin da kyau a hasken rana. In lafiya, a gyara ramin daidai yadda ƙusar ta bi, a kankare robar ciki kaɗan ban da kai wa zare, a share garin, a shafa sholisho a jira kamar yadda muka faɗa. Facin da ya fi dacewa shi ne mai kama da lema: yana da kara da ake zurawa ta cikin ramin a jawo ta waje, faifansa kuma ya manne a ciki. Karan ya hana ruwa shiga, faifan ya hana iska fita. In babu irinsa, a toshe ramin da roba, sa'an nan a ɗora faci mai zare daga ciki. Kuɗinsa ya fi na lagwani, gaskiya ne, amma sau ɗaya za ka biya.

Wasu in tubles ta dame su sai su ce a zura mata tif kawai a huta. Wannan ma na fita daji ne. Cikin tubles yana da ƙirga-ƙirga masu goge tif, ga shi ramin yana nan a buɗe yana shan ruwa, zafi kuma yana ƙaruwa.

Sai maganar da masu mota ba su son ji. Ba kowace taya ke karɓar gyara ba. Ƙa'idar da masu yin taya suka yarda da ita ga ƙaramar mota ita ce, ramin ya kasance a tsakiyar zane, wurin da ke taka ƙasa, kuma faɗinsa kada ya wuce milimita 6, watau bai kai kaurin fensir ba. Kafaɗar taya da gefenta ba a yi musu faci. Ku dubi gefen taya in mota tana tafiya a hankali, kowane juyi sai ya lotsa ya miƙe, sau ɗaruruwa a kowane kilomita. Ba facin da zai jure wannan, ga shi zaren da ke riƙe iska a nan ya riga ya tsinke. Mun sha ganin tayar da aka ɗinke gefenta da waya, ko aka sa mata ƙyallen tsohuwar taya aka ɗaure da ƙusa da noti. A amalanken jaki mai tafiyar sannu, wannan da sauƙi. A motar da ta ɗauki mutum 19 da buhunan wake, ganganci ne da ran jama'a, kuma fasinja yana da ikon ya duba ƙafar mota kafin ya biya kuɗi. Haka tayar da ta suɗe. A cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu da aka sa da gangan, tsayinsu milimita 1.6. In zane ya cinye har ya yi daidai da su, kwananta ya ƙare.

In gyara ya ƙi, sai saye, kuma yawancinmu tsohuwa muke saye, wadda ake ce wa 'yar Kwatano, don shekara da shekaru ta tashar jiragen ruwa ta can suka riƙa shigowa. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun taɓa yin tayoyinsu, amma Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yi a Legas a 2008. To, ga inda karatu zai yi maka rana. A gefen kowace taya akwai haruffa uku, DOT, da jerin lambobi a gabansu. Ka dubi huɗun ƙarshe. Biyun fari mako ne, biyun baya shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. In lambobin uku ne kawai, an yi ta tun kafin 2000, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, rana irin tamu kuma tana gaggauta mata. Michelin da kansa ya ce taya in ta shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai 10 a sauke ta ko zanenta yana nan. Ka lanƙwasa gefen da hannu, in ka ga ƙananan tsaga kamar faso, bar ta. Ka leƙa ciki ka ƙirga tsofaffin faci. In ka ga hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a ciki, tayar sanyin Turai ce, robarta mai laushi ce, kwaltarmu za ta cinye ta da wuri.

Iska kuma a ba ta da ma'auni. Bugun taya da sifana a saurari ƙara ba awo ba ne. Yawan iskar da motarka ke so a rubuce yake a jikin dogaran ƙofar direba ko a murfin tankin mai, ga ƙananan motoci yawanci kilo 2 zuwa 2.5. Ku lura, ma'aunin da ya zo daga Kano sau da yawa wani lissafi yake yi, kilo 1 namu daidai yake da 14.5 nasu, watau kilo 2.2 shi ne wajen 32. A auna da safe tun taya tana sanyi. In ka yi tafiya ta ɗauki zafi, awon zai hau, wannan ba laifi ba ne, kada ka sace mata iska a tsakar rana don tsoron fashewa. Tayar da iska ta yi wa kaɗan ita ta fi lotsawa, ita ta fi zafi, ita ce kuma ke fashewa. In ka rage iska don ratsa rairayi, ka mayar da ita da zarar ka hau kwalta. Safaya ma a riƙa auna ta, don ba abin da ya fi ciwo kamar a sauko da ita a daji a tarar ta kwanta.

Ku kuma masu sana'ar, da iyayen da suka ba da 'ya'yansu koyo, ga naku. Rim ɗin babbar mota mai zobe yana kisa. In zoben bai zauna daidai ba, iska takan harba shi kamar harsashi. A juya gefen zoben ƙasa ko bango, a ɗaure da sarƙa, mai ba da iska ya tsaya gefe, kada ya sunkuya a kai. Kada a yi wa rim walda da taya a jikinsa, ko an sace iskar. Kada a zuba fetur cikin tubles a ƙyasta ashana don bakinta ya kama. Gwangwanin sholisho kuwa a rufe shi, a ajiye inda maigidan rumfa kaɗai ke kaiwa. Kun san akwai yaran da ke shaƙarsa, yana kuwa lalata ƙwaƙwalwa, kada a sayar wa yaron da bai zo da abin gyara ba.

Tayar da ta mutu kada a ƙone ta, hayaƙinta guba ne ga ƙirji. Kada kuma a yar da ita bayan gida da damina, ruwan da ke kwanciya cikinta gidan sauro ne. A kai wa masu yanka takalmi da masu yin akurkin ban ruwan dabbobi, su kan saya. Tsohon tif kuwa ya yi gugar rijiya, abin da ya saura a yayyanka shi igiyar ɗaure kaya a bayan babur.